Ɗan Fari a Bankin Turkawa

Tun da muka dawo daga Turkiyya ban huta da tambaya ba. A makaranta Malam Yohanna, abokin aikina mai koyar da tarihi, ya tsare ni a ɗakin malamai sai na gaya masa ko na shiga fadar sarakunansu. A majalisarmu ta unguwar Dawaki a nan Gombe kuwa abin da ya dame su farashin kwat da takalmi. To ku saurara, sau ɗaya zan faɗa, kada wanda ya sake tare ni a hanya. Ban ga fada ba, ban taya kwat ba. Abin da na gani a Istanbul asibiti ne, da ɗakin haya, da banki. Kuma cikin ukun nan bankin ne ya fi jijjiga ni.

Ga wanda bai san gidanmu ba, ni ne ɗan farin Dada. Mu Fulanin gari ne, Fillancinmu ya fara zubewa, amma kunyar Dada ko ɗigo ba ta zube ba. Da aka yaye ni aka miƙa ni ga Bappa Haruna, ƙanen mahaifinmu, a unguwar Malam Inna. Can na girma, sunansa aka rubuta mini a makaranta, shi ne har yau a fasfona: Usman Haruna. Ga shi kuma sunan kakana na wajen uba aka sa mini, wato surukinta. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Kowa Shehu yake ce mini, ita ko Shehun ba ta faɗa. In tana lissafa wa jikoki manyan sahabbai sai ta ce Abubakar, Umaru, "na ukunsu", ta wuce zuwa Aliyu. In na je gaishe ta, ta kalli ƙofar ɗaki ta ce, "An zo?" Ni kuma in kalli tabarma in ce, "An zo." Na haura arba'in a haka. Ban taɓa ɗaukar abin matsala ba, ko dai ban taɓa tsayawa na duba ba.

Bara muryarta ta fara dishewa. Muka ɗauka mura ce, aka yi ta zuma da citta. Daga baya likitoci suka ce ƙari ne a maƙogwaro, yana girma, kuma gara a fita da ita. Ƙanena Aminu da ke aiki a Fatakwal shi ya nemo asibiti. Ƙanwata Jidda ce za ta raka ta, amma kafin biza ta fito cikin Jidda ya tsufa, aka hana ta hawa jirgi. Aminu ba a ba shi hutu ba. Aka duba nan, aka duba can, sai ni. Da Jidda ta gaya mata, Dada ta ce, "Babu wani?" Babu wani.

Motar Abuja muka shiga da sassafe. Allah ya taimake ni da wata 'yar kasuwa mai jiki da ta zauna tsakaninmu, ita ta zama mini gada. "Baiwar Allah, tambaye ta ko za ta sha ruwa." "Baiwar Allah, gaya masa a rufe gilashin." Har muka wuce Bauchi matar nan na zaton yaron gida ne aka haɗa Hajiya da shi. A Jos ta saya mini dankali ta ce in riƙa haƙuri da masu gida. Da ta sauka a Akwanga sai kujerar ta zama fili tsakaninmu, ba wanda ya matsa. Muka koma yarenmu na gado. "A sha magani." "An sha."

A filin jirgi jami'in shige da fice ya riƙe fasfo biyu yana kallon sunaye. Nata na ɗauke da sunan marigayi mahaifinmu, Ahmadu, nawa na Bappa. Ya ce, "Mama, wannan wane ne?" Dada ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan rakiya ne." Mutumin ya kwashe da dariya, ashe ɗan Yola ne. Ya ce, "Ɗan fari ke nan! Allah ya ba da lafiya, Mama." Ya buga hatimi. Ku riƙe wannan. A ƙasarmu wannan amsar ita ce shaidar haihuwa.

Cikin jirgi na ce wa bayan kujerar gabana, "A ɗaura ɗamara." Dada ta yi ta juya ƙarfen ta kasa, ni kuma hannuna ya ƙi miƙuwa, sai da ma'aikaciyar jirgi ta zo ta ɗaura mata tana hararata. Aka kawo abinci da wani farin abu a kofi. Dada ta ga nono, fuskarta ta saki, karo na farko tun Gombe. Ta kurɓa, ta tsaya, ta dubi kofin kamar ya ci amanarta. Da 'yar muryarta ta ce wa tagar jirgi, "Wane marar tsoron Allah ne ya zuba wa nono gishiri?" Haka suke sha, wai kuma sun fi so a haka. Har muka dawo ba ta yafe musu ba.

Filin jirginsu gari ne guda. Aka kawo mata keken marasa lafiya ta ce ba ƙafarta ke ciwo ba. Muka yi ta tafiya, ni a gaba da jakunkuna ina waiwaye, ita a baya tana tsayawa tana nemo numfashi. A nan na fara jin tsoro sosai, don numfashin nata har wani ɗan fito yake yi.

Masaukinmu a unguwar Aksaray yake, gidan Hajiya Ladi, Bakanuwa ce da ta daɗe a can tana saukar 'yan kasuwa da masu jinya. Mace ce mai baki, tana Turkanci da karin Kano, kuma duk wanda zai zo sai ta sa ya taho mata da kuka da daddawa. A gidanta muka ci tuwon shinkafa. A waje kuwa sai burodi mai kama da zobe da aka barbaɗe da riɗi, da zaitun da cuku tun da safe, da shayi baƙi ƙirin a 'yan kofunan da ba su kai kurɓi uku ba. Kyanwa ko'ina, har kan kujerar masallaci, kuma ba mai korar su. Wata ta hau cinyar Dada, ta rasa yadda za ta yi da ita.

Amma babbar jarrabawar Dada suna ce. Ashe ƙasar nan ƙasar masu sunana ce, sai dai su Osman suke cewa. Mai shayin ƙasan bene Osman, mai aski Osman, a jikin shaguna Osman. Hajiya Ladi ta leƙa taga ta kwaɗa kira, "Osman! Shayi uku!" Ni in waiwaya, Dada ta sunkuyar da kai kamar an yi ashar. Ita "mai shayi" take ce masa. Wani abin da ya tsaya mini a rai kuma, ƙato da gashin baki zai riƙo hannun uwarsa a titi, ya sumbaci hannun ya ɗora a goshi, yana "anne, anne", wato inna. Da farko na ga abin rashin ta ido ne. Daga baya na kama kaina ina bin su da kallo.

A asibiti aka sake hotuna. Likitan ya zaunar da mu, ya ce ƙarin ya fi yadda aka turo musu girma, aikin zai fi wanda aka shirya. Ya ce muryar da wuya ta dawo, amma ba murya ake ceto ba yanzu, numfashi ake ceto. Akwai gurbi a ƙarshen makon. In ya wuce mu sai wani watan, bizarmu kuma ba ta kai can ba, maƙogwaron ma bai tabbata zai jira ba. Kuɗin da na riƙo ba su isa sabon aikin ba. Na kira Aminu ya ce cikon na hannunsa, in faɗi inda zai tura. A nan aka tsaya. Katin bankina na gida ya zama kwali, ba injin da ya karɓe shi. Ofishin kuɗi na asibitin suka ce ba sa karɓa daga akawun ɗin wani can daban, sai na majinyaci ko na ɗan'uwan da ya kawo shi. Suka ba ni wasiƙa mai cewa ni ɗanta ne kuma mai jinyarta, suka ce in je in buɗe akawun. Wai "in je in buɗe", kamar ƙofar kicin.

Jama'a, na yi yawo. Bankin farko na miƙa fasfo, mutumin ya ɗaga haɓa ya yi mini tsaki. Tsaki! Ni da na yi shekaru ina koyar da lissafi, yaro bai taɓa yi mini tsaki ya kwana lafiya ba. Na ajiye jaka na ce da Turanci ya maimaita in ya isa. Sai da mai gadi ya shiga tsakani. Da na koma gida ina huci Hajiya Ladi ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Malam, haka suke cewa a'a. Ba zagi ba ne. In za ka yi faɗa da duk mai tsaki a garin nan sai ka kashe rabin gari."

Na biyu suka ce sai da katin zama, ni kuwa baƙo ne. Na uku suka ce sai na ajiye wasu kuɗi masu yawa sun kwanta, alhali kuɗin nake nema hanyar shigo da su. Wani ya ce in kawo lambar haraji. Na je na samo. Ya ce layin waya na ƙasar. Na saya. Ya ce shaidar adireshi, takardar ruwa ko ta wuta. Na tuna ranar da na buɗe akawun a Gombe, yaron banki tsohon ɗalibina ne, adireshin da ya rubuta "bayan masallacin Juma'a, gida mai darbejiya", kuma har yau ba wanda ya ɓata. Duk inda na shiga sai an ba ni shayi kafin a hana ni. Ban taɓa ganin mutane masu hana mutum abu cikin karamci irin waɗannan ba. Kwanaki na tafiya, ni ina safa da marwa a titi, in na dawo in tarar fiton numfashin Dada ya ƙaru. Abinci ya daina shiga mini.

Ana saura kwana biyu Hajiya Ladi ta samo wani reshe da suka saba da masu jinya. Ta ce za su buɗe a kan wasiƙar asibiti, amma sai sun ga majinyaciyar da idonsu. Ita ba za ta samu zuwa ba, tana da baƙi a filin jirgi. Muka tafi ni da Dada.

Wata budurwa ce ta karɓe mu, mai fara'a, Turancinta kaɗan. Komai ya tafi daidai har ta ɗago ta ce, sunan mahaifiya. Na tura mata fasfon Dada. Ta ce ta gani, amma in faɗa da bakina, don duk ranar da na kira bankin a waya shi za a tambaye ni. Dada na zaune kusa da ni ta juya mini kafaɗa tana kallon wata tukunyar fure. Sunan nan 'yata ke ɗauke da shi, shi ya sa muke ce mata Ummi, kuma ko a nan ba zan rubuta shi ba, wanda ya sani ya sani. Na yi ta gyaran murya. Budurwar ta daina murmushi. Ta ce to, sunan gidansu kafin aure, sunan mahaifinta. Kakan nan nawa Jauro kowa ke ce masa har ya rasu, sarauta ce ba suna ba. Na kalli silin na ce, "Ana tambayar sunan Jauro." Dada ta gaya wa tukunyar fure.

Ku tsaya a inda yarinyar nan take. Ga mutum ya kasa faɗin sunan uwarsa, bai san sunan kakansa ba, sunan fasfonsa daban da nata, tsohuwar kuma ko kallonsa ba ta yi, ga maganar kuɗi daga ƙasar waje. Ta tashi ta kira manaja. Dattijo ne mai furfura, da ɗan allo a ƙirjinsa, na karanta: Osman. Ya zauna ya fito da waya, ya buɗe manhajar fassara, ya yi magana a hankali. Wayar ta ce da wata Hausa mai sanyi kamar ta mai karanta labarai, "Uwargida, wannan mutumin ɗanki ne?" Ya kara mata wayar a baki.

Dada ta ja mayafi ta ce, "Ɗan Bappa Haruna ne."

Ya sake tambaya, "Ke kika haife shi?"

Ta ce, "Ɗan rakiya ne."

Wayar ba 'yar Yola ba ce. Abin da ta ji shi ta faɗa. Na ga fuskar manajan ta rufe. Na miƙe ina bayani da Turanci, al'ada ce, kunya ce, ɗan fari ne, ina ta haɗa gumi. Ya ɗaga hannu ya ce shi ba ya ce ƙarya nake ba, amma wasiƙa ta ce ɗa, uwa ta ce ba ɗa ba, shi ba zai sa hannu a kan haka ba. Har ya tambaye ta ta waya ko tana cikin wata damuwa, ko an tilasta ta zuwa. Ni! Aka tattaro mini takarduna. Wannan karon ko shayin ba a ba mu ba.

Ban san yadda muka iso gida ba. La'asar ta yi, Hajiya Ladi ta dawo tana tsince shinkafa a falo. Dada ta zauna a gefen kujera. Ni na kasa zama, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Hajiya ta ce ko a turo takardar haihuwa daga gida. Na ce wadda nake da ita Bappa ne ya yi rantsuwarta a kotu, sunansa ne a kai. In ban da wasiƙar asibitin, babu wata takarda a duniya da ta haɗa ni da Dada. Faɗin haka da na yi ne ya ɓalle mini baki. Ko a lokacin ban iya fuskantarta ba, Hajiya na fuskanta.

Na ce, "Hajiya, ki gaya mata na gaji. Ki gaya mata ba Dawaki muke ba. Jibi ne aikin nan, in ya wuce gawa zan mayar gida, in ce wa su Jidda me? In ce kunya ce ta kashe ta? Na bar aikina, na bar iyalina, na sha tsaki a garin nan kamar kare, kalma ɗaya aka nema, ɗaya tak! Ki tambaye ta, in ba ta so na ne tun farko ta faɗa. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kyanwar gidan nan ma ta raɗa mata suna!"

Hajiya ta ajiye tire ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, uwa ce." Ina jin kunyar abin da na faɗa, kuma ban so in janye ko kalma ɗaya ba.

Dada ta daɗe tana nemo numfashi. Sannan ta ce, ita ma Hajiya take kallo, "Ki gaya masa ana faɗa." Ta tsaya ta yi tari. "Kowace salla ana faɗa, kafin na sauran. Ba dai shi ake gaya wa ba." Ta tashi ta shiga ɗaki ta ja ƙofa.

Na sauka ƙasa na zauna wajen mai shayi har magariba. Ya yi ta cika mini kofi bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa.

Da safe na fito na tarar da ita ta shirya, ta sa sabon mayafinta na zuwa biki, jaka a cinya. Ta ce wa Hajiya, "A koma wajen mutanen nan." Hajiya ta yafa gyale ta ce yau ko baƙon Sarki ne ya sauka sai dai ya jira.

Manajan ya gan mu ya ɗan ɓata rai, amma Hajiya Ladi ba a tsayar da ita. Ta zauna ta buɗe masa Turkancin Kano, tana nuna ni tana nuna Dada, tana buga tebur. Na ga yana gyaɗa kai, har ya yi ɗan murmushi ya ce a ƙauyen kakarsa ma amarya ba ta magana gaban surukai. Amma ya ce an riga an rubuta amsar jiya. Ba zai iya gogewa da bakin Hajiya ba, sai da bakin mai maganar. Ya ce ni in fara.

Na rufe ido na faɗi sunanta, da na mahaifinta. Rufin bankin bai faɗo ba, amma na ji kamar na fita titi ba riga.

Ya juya wajenta. Hajiya ta ce, "Hajiya Dada, wai ki faɗi sunansa, da abin da yake a wajenki." Dada ta riƙe bakin tebur da hannu biyu. Ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta haɗiye, ta sake tattaro abin da ya rage mata na murya, tana kallon tebur ta ce, "Usmanu."

Manajan ya yi zumbur ya dafa ƙirji ya ce, "Efendim?" Wato na'am.

Jama'a, kun ji irin tawa. Sunan da na jira tun ina yaro, ranar da ya fito wani Baturke ya riga ni amsawa! Hajiya Ladi ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Dada kuwa ranta ya ɓaci, irin ɓacin ran da take yi in an zubar mata da nono. Ta yi wa manajan wani kallo ta ce, "Ba kai ba." Sannan ta juyo gaba ɗaya, ta dube ni cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ta ɗora hannu a kafaɗata. Muryar ta fito a dishe amma kowa ya ji.

"Wannan. Usmanu. Ni na haife shi. Shi ne na fari."

Na ce, "Na'am, Dada." Ƙato da ni, malamin makaranta, ina kuka a bankin mutane. Budurwar jiya ta turo mini kwalin tishu tana sharar nata idon. Manajan bai jira fassara ba, ya ja takardu ya sa hannu, ya ɗaga murya a kawo shayi. Dada ta janye hannunta ta koma kallon tukunyar fure.

Aminu ya tura kuɗin a ranar, suka shigo da yamma, ana gobe aiki, na biya ina duba agogo. Aka yi aikin, aka cire ƙarin. Numfashi ya dawo, fiton nan ya tafi. Muryar ce ba ta dawo ba, kamar yadda likita ya faɗa. Yanzu raɗa take yi, sai ka kai kunne kusa. Maganar bankin nan na cikin na ƙarshe da ta yi da murya.

Sauran kwanakin jinya ba abin ba da labari. Na koyi dama kunu a kicin ɗin Hajiya, na koyi ɗaga haɓa in yi tsaki, har na yi wa wani direban tasi. Ranar tahowa Hajiya ta ce in je in rufe akawun ɗin tunda 'yan canji ne suka rage. Na ce a bar shi. Ta dube ni ta ce, "Ai na sani."

Da muka iso Gombe gida ya cika. Jidda ta haihu, an samu namiji. Ashe Hajiya Ladi ta riga ta kira ta ta ba ta labari kaf, har da kwaikwayon manaja. Ina zaune a bakin ƙofa Jidda ta matsa kusa da Dada tana dariya ta ce, "Dada, wai da gaske kin kira sunan Yaya a Turkiyya? Har sau biyu?" Mata suka matso suna jira. Dada ta gyara wa jaririn zani, ta sa Jidda ta kawo kunne, ta raɗa mata. Jidda ta faɗi tana dariya ta ce, "Wai da manajan banki take!"

To, Malam Yohanna, ka ji fadar da na gani. Yanzu in na je gaishe ta da safe mun koma yadda muke. Ta kalli ƙofa ta raɗa, "An zo?" In kalli tabarma in ce, "An zo." Ba na musu da ita, kiran farkon na bar wa manaja, ya riƙe. Amma na biyun ina wurin, kuma ba manaja take kallo ba.